Bayan mun ce amin, wa zai naɗe hannun riga?

Wani dare ina bakin aiki a ɗakin haihuwa, wata mata ta sauka lafiya, amma jini ya ƙi tsayawa. Na ja fatar idonta, fari fat. Tafin hannunta ya yi sanyi ƙalau. 'Yan cocinsu sun cika baranda, sun riƙe hannun juna suna addu'a da hawaye. Na fito na ce muna bukatar jini leda biyu yanzu-yanzu. Sai kowa ya sunkuyar da kai. Wani ya ce jikinsa ba ƙwari, wata ta ce ta ji wai jinin da aka ɗiba ba ya dawowa. Wani saurayi da ya zo jinyar mahaifinsa, wanda bai ma san sunan matar ba, shi ya fara naɗe hannun riga.

'Yan'uwana cikin Almasihu, ban raina addu'a ba, ni ma da ita nake shiga aiki kullum. Amma Yaƙub 2:17 ya faɗa ƙarara: bangaskiyar da ba ta da aiki matacciya ce. Basamariyen nan na Luka 10 bai tsaya daga nesa yana jajantawa ba. Ya sauko, ya ɗaure raunukan, ya ɗora mutumin a kan dabbarsa, ya ciro dinari 2 daga aljihunsa.

Jini kuwa ba a ƙera shi a masana'anta, sai daga jikin mutum. Zubar jini bayan haihuwa na kan gaba cikin abubuwan da ke kashe mata masu jego. Ga masu sikila, ga waɗanda suka yi hatsari, ga yaran da zazzaɓin cizon sauro ya shanye musu jini.

Tsoron da ke hana mu ba shi da tushe. Baligi na ɗauke da jini wajen lita 5, abin da ake ɗiba kuma bai kai rabin lita ba, kimanin mililita 450. Ruwan jinin na dawowa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, jajayen ƙwayoyin cikin 'yan makonni. Allura sabuwa ce, sau ɗaya ake amfani da ita. Kafin a taɓa ka sai an auna nauyinka da yawan jininka, in bai isa ba mu da kanmu za mu ce ka haƙura.

In ka kai shekara 18, nauyinka ya kai kilo 50, kana da lafiya, kada ka jira sai naka ya kwanta. Jinin da aka adana ba ya wuce makonni 5 zuwa 6, shi ya sa ake bukatar masu dawowa a kai a kai. Ranar 14 ga Yuni ake tunawa da masu ba da jini a duniya. Ka samu fastonku tun yanzu, ku sa rana, ka ce a fara rubuta sunanka.