Hoton Eksire Ba Ya Ganin Komai a Jikin Kare

Mutane da yawa sun ɗauka da zarar an yi wa kare hoton eksire, ciwonsa ya tonu. Ina! Hoton inuwa ce kawai: ƙashi ya fito fari fat, iskar huhu baƙa, tsoka da hanji kuwa toka-toka. Shi ya sa karaya, ko dutse da ƙusa da kare ya haɗiye, ke bayyana nan take. Amma leda ko tsumma? Sau da yawa sai su saje da hanji, kare na ta amai, hoto kuma kamar lafiya lau. A nan likitan dabbobi kan koma ga sikanin. Ko karya mai ciki, ƙasusuwan 'ya'yanta ba sa fitowa a hoton eksire sai wajen kwana 45, alhali cikin duka kusan kwana 63 ne.