Faɗuwar gaba: abubuwan ci da sha da ɗabi'un da ke tayar da ita

Faɗuwar gaba, a harshen likitanci, ita ce mutum ya riƙa jin bugun zuciyarsa a lokacin da bai saba jin sa ba. Wani ya ji ƙirjinsa na dukan uku-uku, wani ya ji kamar zuciyar ta tsaya ta sake tashi da ƙarfi, wani kuma ya ji kamar tsuntsu na fuffuka a ƙirjinsa ko a wuyansa. Alama ce, ba cuta ba ce mai zaman kanta. Zuciyar baligi da ke zaune yana hutawa takan buga sau 60 zuwa 100 a minti, kuma mutum na iya jin faɗuwar gaba ko bugun bai fita daga wannan iyaka ba.

Yadda take faruwa

Kowane bugu yana farawa ne daga wani ɗan ƙulli na ƙwayoyin halitta a ɗakin sama na dama na zuciya, wanda Arthur Keith da Martin Flack suka gano a Ingila a 1907. Wani lokaci wani sashe na zuciyar yakan riga ƙullin nan, ya saki bugu tun lokaci bai yi ba. Sai zuciyar ta ɗan dakata, jini ya taru fiye da yadda aka saba, bugun da ke biye ya zo da nauyi. Wannan mai nauyin shi ake ji. Kusan kowa yana da irin wannan bugu na gaggawa, akasarin mutane ba sa ma sani.

Tarihi

Likita Jacob Mendes Da Costa ya duba sojoji kusan 300 a yaƙin basasar Amurka, masu kukan faɗuwar gaba da haki da ciwon ƙirji, alhali ba a ga lahani a zukatansu ba. Ya wallafa bayaninsa a 1871. A yaƙin duniya na ɗaya matsalar ta sake kunno kai tsakanin sojojin Birtaniya, inda likita Thomas Lewis ya danganta ta da wahalar jiki, ya kuma yi maganinta da motsa jiki daki-daki. Daga baya aka fahimci cewa mafi yawan abin da suka gani yana da nasaba da fargaba da damuwa.

Sai da aka samu na'ura sannan aka iya bambance abin da majinyaci yake ji da abin da zuciya take yi. Willem Einthoven na ƙasar Holan ya kammala na'urar zana lantarkin zuciya wajajen 1903, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 1924. Norman Holter ya ƙera wadda ake yawo da ita a jiki tun wajajen ƙarshen shekarun 1940. Ta farkon sai an goya ta a baya saboda nauyi.

Barasa

Cikin dukkan abubuwan sha, hujja ta fi ƙarfi a kan giya. A 1978 Philip Ettinger da abokan aikinsa a jihar New Jersey suka ba da rahoton majinyata 24 da bugun zuciyarsu ya rikice bayan shan giya mai yawa, galibi a ƙarshen mako ko lokacin bukukuwan ƙarshen shekara. Daga nan aka laƙaba wa yanayin suna ciwon zuciyar hutu. Abin da ya fi yawa a ciki shi ne karkarwar ɗakunan sama na zuciya, wadda ke iya haddasa daskarewar jini da shanyewar ɓarin jiki. Wani gwaji da aka yi a Ostireliya kan mutum 140 masu wannan cuta, aka wallafa a 2020, ya nuna ta dawo wa kashi 53 cikin ɗari na waɗanda suka daina sha, da kashi 73 na waɗanda suka ci gaba.

Kafeyin

Friedlieb Ferdinand Runge na Jamus ne ya fara tace wannan sinadari daga 'ya'yan gahawa a 1819. Yana cikin shayi da cakulan da lemukan ƙara kuzari. Aikinsa shi ne toshe hanyar adenosin, sinadarin da ke sa jiki ya lafa, kuma rabinsa yakan ɗauki kimanin awa biyar kafin ya bar jini. Hukumomin abinci na Amurka da Tarayyar Turai suna ganin miligiram 400 a rana ba ya cutar da lafiyayyen baligi. Mai juna biyu kuwa akan shawarce ta kada ta wuce rabin haka.

Shekara da shekaru likitoci suna hana masu faɗuwar gaba gahawa, amma da alama laifinta bai kai yadda aka ɗora mata ba. Gregory Marcus na Jami'ar Kalifoniya ya jagoranci gwaji kan mutum 100, aka wallafa a 2023: a ranakun da suka sha gahawa, bugun gaggawa na ɗakunan sama bai ƙaru ƙwarai ba, na ɗakunan ƙasa ya ƙaru, barcinsu kuma ya ragu da kimanin minti 36. Jiki ya bambanta, akwai wanda kofi ɗaya ke isa ya tayar masa. Lemukan ƙara kuzari sun fi jawo damuwa, domin akan sha su da yawa a zama ɗaya, wani lokaci a haɗa su da giya.

Abinci

Cika ciki fiye da kima, kumburin ciki da ƙwannafi kan kawo faɗuwar gaba bayan cin abinci. Likitan Jamus Ludwig Roemheld ya yi bayanin haka a farkon ƙarni na 20. Ana zaton jijiyar bagus, wadda ke ratsa zuciya da ciki duka, ita ce silar. Daɗewa da yunwa kan sauke sukarin jini, jiki ya saki adirenalin, sinadarin da ke zaburar da jiki, sai rawar hannu da gumi da saurin bugu. Gudawa, amai ko yawan zufa kan rage ruwa da fotasiyam da maganiziyam, waɗanda lantarkin zuciya ya dogara da su. Baƙar alewar da ake yi da saiwar tsiron likoris ma tana zubar da fotasiyam idan aka yawaita ta.

An zargi sinadarin ɗanɗano MSG tun wata wasiƙa da aka buga a mujallar likitanci a 1968. Gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su tabbatar da zargin ba.

Taba, magunguna da barci

Nikotin yana ɗaga bugu da hawan jini, ko ta sigari ko ta sigarin lantarki. Haka maganin toshewar hanci mai sudo'efedirin, da salbutamol na masu asma, da maganin tayirod (wata gaɓa a gaban wuya da ke daidaita saurin aikin jiki) idan ya yi yawa. Hodar ibilis da amfetamin na iya rikita bugu har ya kai ga mutuwa. Ƙarancin barci, da ɗaukewar numfashi cikin barci ga masu minshari mai ƙarfi, suna da alaƙa da karkarwar zuciya.

Lokacin ganin likita

Faɗuwar gaba da ta zo da suma, ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi ko jiri mai tsanani tana buƙatar asibiti nan take, haka idan ta taso ana cikin motsa jiki, ko a dangi akwai wanda ya mutu farat ɗaya yana matashi. Likita kan duba ƙarancin jini da tayirod da gishirin jini irin su fotasiyam, sannan ya nemi majinyaci ya riƙa rubuta abin da ya ci ko ya sha da lokacin da abin ya taso.