Aikin wayar da kai a kan HIV: tambayoyin da aka fi yi

Shin mai wayar da kan jama'a a kan HIV likita ne?

A'a, kuma ba ya rubuta magani. Yana tsayawa ne tsakanin asibiti da mutanen da ke tsoron taka ƙofarsa. Shi zai yi bayani, ya raka mutum wurin gwaji, ya bi sawun wanda ya daina zuwa karɓar magani ya ji abin da ya hana shi. Da yawa daga cikin waɗanda suka fi iya aikin masu ɗauke da ƙwayar cutar ne da kansu. A 1983 wasu masu cutar da suka hallara a birnin Denver na Amurka suka fitar da sanarwa suna neman a daina yi musu kallon abin tausayi, a riƙa sa su cikin duk shawarar da ta shafe su. A kan wannan tsari aikin yake tafiya har yau.

HIV da ƙanjamau ba abu ɗaya ba ne?

HIV ita ce ƙwayar cutar. Ƙanjamau matakin ƙarshe ne, bayan ta karya garkuwar jiki. Tun 1996 da aka fara haɗa magunguna uku a sha tare, wanda ya riƙe maganinsa zai iya tsufa bai kai wannan mataki ba.

To in akwai magani, me ya rage?

Tsoro ne ya rage, kuma a ganina nan aikin ya fi nauyi. Mutum zai gwammace ya zauna bai san matsayinsa ba da a gan shi a layin gwaji. Mace za ta ɓoye kwalbar magani, ta tsallake sha duk ranar da mijinta yake gida. Shi ya sa babban jarin ma'aikacin nan rufin asiri ne. Ranar da sakamakon mutum ɗaya ya fita daga bakinsa, ko da matarsa ya faɗa wa, sauran ba za su ƙara zuwa wurinsa ba, kuma ba zai ma san dalilin ɗaukewarsu ba. Sai kuma ya yi ta maimaita abin da ya kamata kowa ya sani: ba a ɗaukar cutar ta gaisawa, ko cin abinci kwano ɗaya, ko cizon sauro. Ta jima'i ake ɗauka, ta jini kamar allurar da wani ya yi amfani da ita, sai daga uwa zuwa jariri.

Waɗanne hanyoyin kariya yake koyarwa?

Kwaroron roba, wanda yake kare wasu cututtukan sanyi ma. Sai PrEP, maganin da wanda ba shi da cutar yake sha in yana cikin haɗarin kamuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗaɗa shawararta a kansa a 2015. Akwai kuma PEP, na gaggawa, bayan fyaɗe ko fashewar kwaroro ko sukar allura: a fara shi kafin awa 72 su cika, a sha kwana 28. Mutane da yawa sun rasa wannan dama don kawai ba su taɓa jin sunansa ba.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne, mai shan magani kullum har ƙwayar ta daina bayyana a gwajin jininsa ba ya sa wa abokin kwanciyarsa cutar. Mai juna biyu kuwa, in ba magani, haɗarin jaririnta ya kamu yana tsakanin kashi 15 zuwa 45 cikin ɗari. Da magani yana sauka ƙasa da kashi 5.

Maganar haƙƙi a jima'i fa, ba koya wa yara lalata ba ce?

Wannan tambaya ma'aikaci zai sha ta, kuma bai kamata ya raina mai yin ta ba, don damuwar iyaye ce. Amma a duba abin da ake koyarwa: jikinki naki ne, ba wanda ya isa ya taɓa ki ba da yardarki ba, in wani ya matsa miki, ga wanda za ki faɗa wa, kina da damar ki nemi a yi gwaji, ko ki ce a sa kariya. Yara maza ma suna buƙatar jin wannan. Yarinyar da ba ta san sunan abin da aka yi mata ba, yaya za ta kai ƙara cikin awa 72 ɗin nan?

Na yi gwaji bai nuna komai ba. Shi ke nan?

Ya danganta da lokacin da abin ya faru. Gwajin gaggawa na ɗigon jini yana neman martanin da jiki ya mayar ne, kuma martanin kan iya ɗaukar har wata uku kafin ya bayyana. In abin da kake zargi bai kai haka ba, ka koma a sake gwadawa, kuma ka yi amfani da kariya kafin lokacin.