Ɗan adawa a majalisa ba maƙiyin ƙasa ba ne

Mutane da yawa sun ɗauka ɗan adawar da ke ƙure gwamnati da tambayoyi a majalisa ɗan hana ruwa gudu ne, ko haushin faɗuwa zaɓe ke cinsa. Wannan fahimta ta daɗe tana cutar da mu.

Aikinsa yake yi. Sashe na 88 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba majalisa ikon binciken yadda ake kashe kuɗin da ta ware. Bisa al'ada ma, ɗan adawa ke shugabantar kwamitin binciken asusun gwamnati. Shi zai sa babban sakataren ma'aikata a gaba, takardu baje kan tebur: an fitar da kuɗin asibiti, ina ginin? Ɗan jam'iyya mai mulki da wuya ya matsa haka, don yana tsoron rasa tikitin takara.