Mai jinyar tsoho ma yana da haƙƙi a kanmu

Duk wanda ya san ƙasar Adar ya san cewa da zarar an kawar da amfanin gona, samari da magidanta sukan kama hanyar ci-rani zuwa Abijan, Libiya ko Najeriya, su bar iyayensu a hannun mata da ƙanne. Idan ciwo ya kwantar da tsoho, sai a aiko da kuɗi daga can a ce a nemo wanda zai riƙa kula da Baba ko Inna. A shekarun da na yi ina aikin jinya a nan Tawa, na ga mutane da yawa sun karɓi wannan aiki da zuciya ɗaya, na kuma ga da damansu sun ajiye shi kafin shekara ta zagayo. A kansu nake son yin magana, su da ƴan'uwansu da ke tsaye a kan tsofaffi a ɗakunan asibiti.

Nijar ƙasar yara ce, domin kusan rabin jama'arta ba su kai shekara 15 ba, masu shekara 65 zuwa sama kuwa ba su cika uku cikin ɗari ba. Shi ya sa hankalin ma'aikatan lafiya ya fi karkata ga uwa da jariri, har tun 2006 aka ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 kuɗin magani. Hakan daidai ne, sai dai ya sa mun saba ɗaukar jinyar tsoho a matsayin abin da kowa zai iya yi ba tare da an koya masa ba.

Alhali kuwa sana'a ce mai wuyar gaske. Tsohon da ɓarin jikinsa ya shanye sai an riƙa juya shi kusan kowace awa biyu, dare da rana, in ba haka ba gyambon kwanciya zai buɗe masa a ƙugu, a duwawu ko a diddige, kuma gyambon da ya samu cikin ƴan kwanaki yana iya cin watanni bai warke ba. A zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40 a Tawa, tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yadda yaro ke ji, don haka mai jinya ce za ta tuna ta ba shi ruwa kaɗan-kaɗan tun bai nema ba. Ita ce ke riƙe da lokacin maganin hawan jini da na ciwon suga, ita ce ke lura idan ya fara shaƙewa wajen haɗiyar fura, kuma ita ce ke haƙuri da gigin tsufa ranar da Inna ta manta da ita ta ce ɓarauniya ce ta shigo ɗaki.

Na tambayi da yawa daga cikin waɗanda suka bari, kuma ba kasafai suke ambaton ƙazanta ko wanki ba. Abin da suke kuka da shi shi ne rashin hutu, da ciwon baya saboda ɗaga babban mutum su kaɗai, da jinkirin albashi idan kuɗin ci-rani bai iso ba, sannan da rashin yabo: in tsoho ya samu sauƙi a ce maganin likita ne, in jikinsa ya tashi a ce sakacin yarinyar ne. Wata da ta yi shekara biyu tana jinyar wani dattijo ta gaya mini cewa ko sau ɗaya ba a taɓa kiranta ta zauna ba lokacin da iyali ke shawara a kan jikinsa, ga shi kuwa babu wanda ya kai ta sanin halin da yake ciki. Maganar nan ta daɗe tana damuna.

Saboda haka, ya ku masu gida, ku yanke albashi tun ranar farko ku kuma biya shi a kan lokaci, kuna sane da cewa mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan ya koma jika 42 tun Janairun 2024, kuma ma'aikacin gida ma yana da haƙƙin a yi masa rajista a CNSS, wato asusun inshorar ma'aikata na ƙasa. Ku ba mai jinyar hutun kwana ɗaya a mako wanda wani cikin dangi zai karɓe ta, ku tanadi safar hannu da sabulu, kuma kada a bar ta ta ɗaga mara lafiya ita kaɗai.

Abin da ya fi riƙe mutum a aiki kuwa shi ne ya hango gaba. Yarinyar da ke da takardar BEPC ta gama ƙaramar sakandare, wadda ta riga ta iya jinya da hannunta, tana iya neman shiga karatun ƙaramin ma'aikacin lafiya da ake kira ASB, ko a makarantar horar da ma'aikatan lafiya ta gwamnati, ENSP Damure Zika da ke Yamai, ko ta Damagaram, ko a makarantu masu zaman kansu da gwamnati ta amince da su. Iyalin da ta yi wa hidima suna iya taimaka mata da kuɗin rajista, ko aƙalla su rubuta mata takardar shaidar shekarun da ta yi. Haka su ma majo-majo, wato shugabannin cibiyoyin lafiyarmu, ina roƙonsu da su riƙa sa sunan ƴan aikin sa-kai da masu share ɗakunan marasa lafiya idan horo ya zo, domin su ne suka fi daɗewa a bakin gadon tsoho.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 1 ga Oktoba a matsayin ranar tsofaffi, ta kuma sanya 2021 zuwa 2030 shekarun neman tsufa cikin ƙoshin lafiya. Kafin ranar ta zagayo, duk lokacin da za ku kawo Baba awon jini a cibiyar lafiya ta CSI da ke unguwarku, ku zo tare da mai jinyarsa, ku bar ta ta shiga ɗakin awo, mu nuna mata yadda ake auna hawan jini, yadda ake juya mara lafiya ba tare da ta ji wa bayanta ciwo ba, da alamomin da in ta gani za ta garzayo da shi ba sai ta jira waya daga Abijan ba.