Tsoho ya zo da mantuwa, kar mu ce tsufa ne mu sallame shi

Abokan aiki na ƙananan asibitoci, don Allah mu ɗan tsaya kan tsofaffin da ake kawo mana da ciwon mantuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ne ke fama da shi, fiye da kashi 60 cikin ɗari kuma suna ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi, inda ganin likitan ƙwaƙwalwa sai an sha wuya. Shi ya sa tun 2010 ta fitar da littafin mhGAP, jagorar gano cututtukan ƙwaƙwalwa da kula da su, saboda irinmu, amma a wurare da yawa yana cikin durowa yana shan ƙura.

Tambayar farko ɗan rakiya za ka yi wa: yaushe abin ya fara? In an ce maka watanni ne ko shekara, kaɗan-kaɗan yake ƙaruwa, yana maimaita tambaya ɗaya, yana ɓata a hanyar da ya saba bi, kuɗi ma ya daina iya lissafawa, to wannan ya yi kama da ciwon mantuwa. In kuwa shekaranjiya garau yake yau ya rikice, wannan na gaggawa ne, a duba zazzaɓi, ciwon fitsari, suga, ƙarancin ruwa a jiki, a kuma sa 'yan rakiya su zazzage ledar magungunansa a kan tebur, sau da yawa matsalar a nan take. Ciwon damuwa ma yana kawo mantuwa, haka ƙarancin bitamin B12, kuma duk ana maganinsu. Wani ma kunne ne ya yi nauyi kawai.

Inda muka fi kuskure shi ne gaggawar rubuta haloperidol, wato maganin taɓin hankali da ake bayarwa don mutum ya lafa, da zarar an ce Baba na faɗa da dare. Irin magungunan nan suna ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ga masu wannan ciwon. A fara nemo abin da ke damunsa tukuna, ƙila wani wuri ke masa ciwo ya kasa faɗa, ko bayan gida ne ya ƙi fita.

Sannan ita mai jinyar, a tambaye ta ko tana samun barci, wa ke karɓarta in ta gaji. A gaya wa iyali gaskiya, ba a samo maganin warkewa ba tukuna amma kulawa na rage wahala sosai, su daina masa gardama in ya manta abu. A auna hawan jini, a rubuta musu ranar dawowa, kar ta wuce wata uku.