Ƙayyade Haihuwar Karnuka da Kyanwowi

Ƙayyade haihuwar karnuka da kyanwowi tsari ne da ya haɗa doka da aikin likitan dabbobi, domin kada waɗannan dabbobi su hayayyafa fiye da yadda mutane za su iya ciyarwa da kulawa. A Turai da Amurka, abin da ya tilasta tsarin shi ne cikar gidajen da ake tara dabbobin da aka yasar, inda akan yi wa wasu allurar mutuwa idan wuri ya ƙare. A garuruwa irin su Gusau da Ƙauran Namoda da Birnin Kebbi da Argungu ba a saba da irin waɗannan gidaje ba, saboda haka rarar dabbobin a waje take bayyana, a kan juji da bayan mayanka da gefen kasuwa.

Saurin haihuwa ne tushen lamarin. Karya takan nemi namiji kamar sau biyu a shekara, cikinta bai wuce kwana 63 ko kusa da haka ba, kuma ba kasafai take haifar kwikwiyo ɗaya ba. Kyanwa ta fi ta sauri, domin tana iya ɗaukar ciki tun tana wata huɗu zuwa shida, ta kuma haihu sau biyu ko uku a shekara guda.

Dokokin ƙasashen waje sun fi kama masu kiwo don sayarwa. A Ingila, ƙa'idojin 2018 sun wajabta lasisi ga duk wanda karnukansa suka haihu sau uku ko fiye a cikin wata 12, sun kuma hana sayar da kwikwiyon da bai kai mako takwas ba. Daga Afrilun 2020 aka hana dillalai da shaguna sayar da ɗan kare ko ɗan kyanwa da bai kai wata shida ba, sai dai mai saye ya je wurin wanda ya kiwata ko gidan ajiya. Tun 2016 kuma dole ne a dasa wa kowane kare ƙwayar shaida ta lantarki a ƙarƙashin fata, yadda idan aka tsince shi za a san mai shi. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta hana shaguna, daga Janairun 2019, sayar da karnuka da kyanwowi da zomayen da aka ɗauko daga wurin masu kiwo don sayarwa. Indiya, wadda halinta ya fi kama da na Najeriya, ta bi wata hanya tun 2001: a kama karen titi, a yi masa aikin hana haihuwa da rigakafin cutar haukan kare, a mayar da shi unguwar da aka ɗauko shi.

Dalilin mayar da shi ya cancanci bayani, domin nan ne aka fi samun rashin fahimta. Idan aka kashe karnukan unguwa da guba ko bindiga, abincin da ya tara su yana nan, ba da jimawa ba wasu sukan shigo daga maƙwabta su cike gurbin, galibi waɗanda ba a taɓa yi musu rigakafi ba. Karen da aka yi wa aiki da rigakafi kuwa yana tsare wurinsa, ba ya haihuwa, ba ya kuma yaɗa cutar.

A Kebbi da Zamfara, yawancin karnukan da ake gani suna yawo suna da masu su. Na mafarauta ne, ko na Fulani makiyaya, ko na gadin gida da gona, waɗanda ake saki su nemi abinci da kansu, idan sun haihu a raba kwiyakwiyin ga mai so, sauran a bar su. Wasu kuma fatake ke saye su kai kasuwar karnuka ta Dawaki a Jihar Filato. Dokar da aka ɗora a kan shago ba za ta kama komai a nan ba, sai wadda ta ɗora nauyi a kan mai kare. Hurumin yin ta yana nan, tun da Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya sanya kula da ajiye dabbobin gida da zirga-zirgarsu cikin ayyukan ƙananan hukumomi, waɗanda Kebbi ke da 21, Zamfara 14. Rajista a wurin mai unguwa ko hakimi, haɗe da rigakafi kyauta, ta fi tara dacewa da talakan da ko akuyarsa bai saba kai wa asibiti ba.

Aikin kansa ba baƙo ba ne ga Bahaushe, wanda ya daɗe yana yi wa bunsuru da sa dandaƙa ko fiɗiya. Na macen ne ke da wuya, domin sai an yi allurar barci an buɗe ciki an cire mahaifa da ƙwayayen haihuwa, aikin da likita kaɗai ke yi, kuma shi ne ya fi rage yawan, tun da namiji ɗaya da aka bari ya ishi mata da yawa. Ta fuskar addini, hadisi ya halatta ajiye kare don farauta da kiwo da gadin shuka, ya kuma yi gargaɗi mai tsanani game da matar da ta tsare kyanwa ba abinci har ta mutu. Malamai sun yi saɓani a kan fiɗiye irin waɗannan dabbobi, wasu sun ƙi, wasu sun yarda idan akwai cutar da za a kawar.

Babbar hujjar tsarin a wannan yanki ita ce cutar haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutane kimanin 59,000 a shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta hanyar kare, kuma yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri rigakafi yana katse yaɗuwarta. Inda haihuwa ta yi yawa, wannan kaso yakan zube kafin shekara ta zagayo, saboda sababbin kwiyakwiyin da ba a yi wa allura ba. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom tana sarrafa allurar rigakafin karnuka, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato kuma tana horar da likitocin dabbobi a maƙwabtan jihohin biyu.